Kwale-kwalen da Ke Ɗaukar Mutum Ɗari Uku

Daga farkon damina zuwa farkon kaka akwai labarin da kunnen mai sauraron rediyo ya riga ya saba da shi: kwale-kwale ya kife. Sai a faɗi sunan gari da na kogi, a faɗi adadin gawarwakin da masu ninƙaya suka tsamo, a ce ana ci gaba da neman saura. A watan Mayun 2021 an ce kwale-kwale ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, da mutum fiye da 150, waɗanda aka ceto kuwa ba su fi ashirin da 'yan kai ba. A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. A farkon Oktoban 2024 kuma aka ce wani ya kife a Gbajibo, ƙaramar hukumar Mokwa ta jihar Neja, ɗauke da kusan mutum 300, akasarinsu mata da yara da suka fito daga taron Mauludi.

Wanda ya tashi a bakin ruwa, in ya ji irin wannan labari, bayan innalillahi akwai abin da ke tsaya masa a rai. Kwale-kwalen da ya sani siriri ne, mara nauyi, wanda mutum ɗaya ke tuƙawa da filafili ko ya tura shi da gwangwala. Mutum biyu ko uku yake ɗauka, in ya yi girma shida ko takwas. Ta ina mutum 300 za su shiga cikinsa? Abin da ya nutse a Wara da Patigi da Gbajibo babban jirgin katako ne mai inji, wanda ake loda wa babura da buhuna da awaki, mutane kuma su hau kan kayan su zauna. Jirage biyu ne da ba su da haɗi sai cewa dukansu a kan ruwa suke tafiya, amma bakinmu ya ba su suna ɗaya. A ganina wannan haɗin gambiza yana da hannu a yadda muke ɗaukar mutuwar da ake yi a ruwa da sauƙi.

Kafin a gane yadda aka yi haka, sai an koma ga kalmar jirgi. Kakanninmu ba su san wani jirgi ba sai na ruwa. In aka ce jirgi, an gama magana, ba a bukatar ƙari. Daga baya Turawa suka shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya iso Kano a 1911. Ƙarafunan dogon ma ta ruwa aka hauro da su har Baro. Da mutane suka ga wannan dogon abu mai hayaƙi yana ɗibar jama'a da kaya ya kai su nesa, sai suka ara masa sunan abin da suka sani yana wannan aiki, suka ce jirgin ƙasa. A 1925 jiragen sojan Ingila suka sauka a Kano, aka sami jirgin sama. Daga nan mai sunan na asali ya zama sai an yi masa alama, an ce jirgin ruwa, kafin a san shi ake nufi. Yau in Bakano ya ce zai bi jirgi zuwa Legas, ba wanda zai kawo kogi a ransa.

Ba suna kaɗai aka kwasa daga bakin ruwa ba. Tuƙi aikin mai filafili ne kafin ya zama na direba, matuƙi kuma yanzu an fi jin sa a kan mai tashi da jirgin sama. Fito shi ne ƙetarar da mutane da kayansu daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuɗin fito kuma ladan mai jirgin ne. Yau kuɗin fito ya koma abin da kwastan ke karɓa, 'yan fito kuma su ne masu ratso daji da shinkafa a kan iyaka, inda babu ko kududdufi. Har habaici muna yi da shi, a ce wane da wane jirgi ɗaya ya kwaso su. Harshen mutanen tudu cike yake da kalmomin ruwa, alhali yawancin masu faɗarsu ba su taɓa sa ƙafa a jirgin fito ba.

Shi kansa jirgin ruwa bai tsaya inda yake ba. Da aka san manyan jiragen da ke tsayawa a Apapa da Kwatano da waɗanda ke ratsa Bahar Maliya da alhazai, sai sunan ya ƙara nauyi, ya fi karkata ga ƙaton abu na ƙarfe mai bene. Ƙaramin da ke bakin gulbi ya bukaci sunan da zai raba shi da su, kuma kwale-kwale ne ya fi yaɗuwa, musamman ta rediyo. Wanda ya lura zai ga kalmar ba ta da jam'in da kowa ya yarda da shi. In suna da yawa sai ka ji an ce jiragen kwale-kwale, wato an koma an jingina da tsohon sunan.

Mutanen ruwa kuwa ba su taɓa wadatuwa da kalma ɗaya ba. Tsofaffin ƙamusoshin Hausa sun kawo abara, babban jirgin da ke ɗaukar kaya a kogi, sun kawo ƙwarami, ƙaramin da aka fafe daga gungume ɗaya, sun kuma kawo komi, wanda ke nufin jirgin da aka fafe, ya kuma nufi abin da ake zuba wa dabbobi abinci ko ruwa, don sassaƙarsu iri ɗaya ce. Sarkawa, masuntan da suka bazu daga ƙasar Kabi suka bi Kwara da Binuwai har Tafkin Chadi, da Gungawan tsibiran Yawuri, da Kede na ƙasar Nufe waɗanda sarkinsu Kuta ke zaune a Muregi, da Kakanda, duk sun san bambancin jirgin kamun kifi da jirgin fito da jirgin fatauci. Buduma na Tafkin Chadi ma da ciyawar tafkin suke ɗaure nasu. A Argungu da bakin Komadugu kuwa akwai wanda ba ya bukatar jirgi sam, gora ya ishe shi, ya kwanta a kai da homa a hannu. Hausar da ta mamaye jarida da rediyo ta Kano ce da Zariya da Kaduna, ta mutanen da ruwansu rijiya ce da rafin da ke ƙafewa da rani. Ita ce ta tattara waɗannan duka ta zuba a kalma ɗaya.

Abin da aka raina ɗin kuwa ya girmi duk wani birni da muke alfahari da shi. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani itace mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka yi aiki a wurin, aka tono shi a 1994. Kwale-kwale ne mai tsawon mita takwas da 'yan kai, faɗinsa kimanin rabin mita, an fafe shi daga itace ɗaya. Gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya, yanzu yana ajiye a Damaturu. Abin da ya fi ba ni mamaki game da shi shi ne, in aka ajiye shi kusa da na masuncin Yawuri na yau, ba wani bambancin ƙira mai yawa da za a gani. Tun wancan zamani an riga an gano siffar da ta dace da ruwan nan, ba a kuma sami dalilin sauya ta ba.

Ya kamata mai karatu na tudu ya ga yadda na gaskiyan yake aiki. Masassaƙi na neman itace miƙaƙƙe mai kauri, maɗaci ko kawo in an samu, ya sare, ya daidaita bayansa da gatari, sannan ya shiga fafe cikinsa da gizago, yana yi yana ƙwanƙwasa gefen da hannu yana sauraron ƙarar don ya san kaurin da ya rage. In ya yi kauri jirgin zai yi nauyi, in ya yi siriri zai tsage a rana. Da an sa shi a ruwa, matuƙi na zama can baya, filafili a gefe ɗaya, yana ja yana ɗan murɗa shi a ƙarshen kowane ja don kada kan jirgin ya karkace. Inda ruwa bai da zurfi sai ya miƙe tsaye ya ɗauki gwangwala. Fasinja a ƙasa yake zama, a tsakiya, gwiwa a naɗe. In baƙo ya ji jirgin ya yi rawa ya kai hannu zai kama gefe, nan take za ka ji matuƙi ya ce, "Malam, saki bakin jirgi, zauna daidai kawai." Kullum akwai yaro ko wani fasinja riƙe da ƙoƙo ko yankakken galan yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa. Tsakanin bakin jirgin da fuskar ruwa bai fi tafin hannu ba, saboda haka mai shi ya san lodinsa sarai: mutum ɗaya in ya ƙaru, idonsa zai nuna masa.

Irin wannan ma yana kifewa, ba a ce ba ya yi ba. Iska kan taso, dorina kan bugi jirgi a Kwara da Binuwai, yara kan ɗauki na iyayensu ba da izini ba. Amma asararsa tana da iyaka, domin cikinsa na da iyaka. Yawanci kusa da gaɓa yake bi, na cikinsa sun iya ruwa, kuma ko ya kife itacen ba ya saurin nutsewa, ana iya rungumarsa har taimako ya zo.

Injin da ake maƙalawa a bayan jirgi shi ya sauya lissafin. Da ya yawaita, ƙarfin damtsen matuƙi ya daina zama ma'aunin girman jirgi. Kafintoci suka koma haɗa jirage da falankai, a jera su a buga ƙusa, a cusa tsumma ko auduga a tsakani, a shafe da kwalta, a rufe da yankan kwano. Da haka ana iya yin jirgi mai tsawon da babu itacen da zai ba da shi. A ɗora masa injin Yamaha ɗaya, ya ɗauki abin da babbar mota za ta ɗauka. Wannan ci gaba ne na gaske, kada a raina shi, domin shi ya haɗa ƙauyukan da ba su da hanya da kasuwa da asibiti. Sai dai jirgin falanki yana tsufa ta inda ido ba ya gani. Ƙusa na tsatsa, katako na ruɓewa daga ciki, kuma ranar da ya bugi wani abu da lodi a kansa ba kifewa kawai yake yi ba, rabewa yake yi.

Abin buga kuwa ba ya kaɗan. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta shanye tsohuwar Bussa da garuruwa masu yawa, aka tashi dubun-dubatar mutane, ruwa ya rufe gonaki da dazuzzuka da itatuwansu a tsaye. Kututturan nan na nan a ƙarƙashin tafkin har gobe. Tsofaffin matuƙa sun san inda suke, da rana kuma ruwa kan nuna alamarsu. Da dare fa, ga lodi, ga injin da ke gudu? Ga kuma wani dalili da ya ƙaru a shekarun nan: a sassan Neja da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, hanyar mota ta zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, wasu wuraren ma da gudu ake barin gari. Wanda ke tsere da ransa ba ya tsayawa ƙirga mutanen da ke cikin jirgi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwatar jirage ranar kasuwa da la'asar ya ga yadda lodin ke kasancewa. Buhunan hatsi ne a ƙasa, a gicciya babura a kai, a ɗaure awaki a lungu, mata da goyo su zauna kan buhuna, samari su jeru a baki ƙafa na lilo. Yaron jirgi na karɓar kuɗi yana cewa, "Inna, matsa ciki kaɗan, Baba zai zauna." Ba wanda zai ce a bar shi, don wannan ne sawun ƙarshe, in ya wuce sai kwana a kasuwa. Mai jirgin kuma ya san kuɗin man da ya zuba tun da aka cire tallafi a 2023, ya san sawu biyu ba zai fitar da shi ba. Kowa na da hujjarsa, kuma duk hujjojin a gefe ɗaya suke taruwa, gefen ƙarin mutum.

To, ina ruwan suna da wannan? Ruwansa shi ne hoton da yake sa wa a zuciyar wanda ba ya wurin. In aka ce jirgin ruwa ya nutse da mutum 150, tambayoyin da ke biyowa su ne: na wane ne, wa ya ba shi izini, mutum nawa aka yarda ya ɗauka, yaushe aka duba lafiyarsa? In aka ce kwale-kwale ya kife, abin da mutumin birni ke gani shi ne 'yan ƙauye sun cunkushe a wani ɗan itace, tsautsayi ya faɗa musu. Sai a yi ta'aziyya, a ce Allah ya kiyaye gaba, a yi wa talakawa faɗa su daina ganganci. Kalmar na mayar da sana'ar sufuri mai masu ita da ƙungiya da kuɗin shiga ta koma kamar wani abu na gargajiya da bai shafi hukuma ba. Da motar haya ce ta kashe mutum 100 a tafiya ɗaya, da an san sunan kamfanin kafin gari ya waye.

Duba inda kalmar ta kai yanzu, za ka ga ma'anarta ta tashi daga girma ko filafili ta koma kan matsayin na ciki. Robar da ake hura wa iska a gaɓar Libiya a cusa mata 'yan ci-rani sama da ɗari, waɗanda da yawansu ta Agadas suka bi, kwale-kwale muke ce mata. Dogayen jiragen masuntan Senegal da ke kwana da kwanaki a teku da matasa zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya, su ma haka. Amma jirgin shaƙatawa na attajiri, ko bai kai rabinsu girma ba, ba mai ce masa kwale-kwale. A hankali kalmar ta zama tana nufin jirgin talaka wanda ake tsammanin zai iya nutsewa. Wurin da ta rage da ma'anarta ta fari a labarai shi ne fagen wasanni, inda ake cewa tseren kwale-kwale a gasar Olamfik, duk da can ma iri biyu ne aka haɗa, mai filafili baki ɗaya da kayak mai baki biyu.

Akwai mai cewa harshe ba ya bin umarnin kowa, abin da jama'a suka saba shi ne daidai. Na yarda da rabin maganar. Ba wanda zai hana tsohuwa a kasuwar Yawuri ta kira jirgi yadda ta ga dama, ita ma ta san wanda take nufi. Amma ɗan jarida da jami'in hukuma ba a matsayinta suke ba, su ne ke zana wa miliyoyin mutane abin da ba su gani ba. Ba a kuma bukatar ƙirƙiro sabuwar kalma. Jirgin katako mai inji, jirgin fito, jirgin kasuwa, duk Hausa ce da ake faɗa a bakin ruwa. Labarin haɗari da bai faɗi ko jirgin na da inji ba, bai faɗi yawan mutanen da ya kamata ya ɗauka ba, bai faɗi ƙarfe nawa ya tashi ba, ya bar abin da ya fi muhimmanci.

Doka ma na bukatar wannan rarrabewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lokoja, tana da ƙa'idojin da suka hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, suka kuma wajabta sa rigar ceto. Ƙa'idoji ne masu kyau ga jirgin da ke ɗaukar fasinja don kuɗi. Amma masunci da ɗansa da ke fita duba taru kafin asuba ba za su daina fita ba, kuma babu ma'aikatan da za su bi kowane ƙwarami a kowane lungu na fadama. In aka ce doka ta hau kan duk abin da ake kira kwale-kwale, ta yi faɗin da ba za ta aiwatu ba, sai ta zama ba ta hau kan kowa ba. Manyan jiragen inji kuwa ana iya ƙirga su. Kwatar da suke tashi sananniya ce, ranakun kasuwa sanannu ne, sarkin ruwa da sarkin jirgi na kowane gari sun san masu su da sunan ubanninsu. Ana iya rubuta wa kowanne lamba da adadin fasinja da fenti a jikinsa, a ja layi a gefensa wanda in ruwa ya taɓa an daina lodi, a ba masu sarautar ruwa ikon hana tashi tare da ɗan alawus da zai sa su iya cewa a'a ga mai jirgin da ke maƙwabtaka da su.

Akwai kuma jiragen da ke tsakiya, waɗanda suka fi wuyar sha'ani. Wanda ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021, da 'yan makarantar Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi, ba ƙato ba ne irin na Kwara, amma mutum 29 aka fara ƙirgawa, yawancinsu yara. Madatsun da aka gina a ƙasar Kano a shekarun 1970 sun kawo babban ruwa inda babu tsohuwar al'adar jirgi, suka raba ƙauyuka da kasuwanninsu. Fasinjojin wurin ba 'ya'yan Sarkawa ba ne da ke koyon iyo tare da tafiya. A irin wannan wuri rigar ceto ta fi komai amfani, gada kuma ta fi rigar.

Shi kuwa kwale-kwalen asali yana nan yana aikinsa, ko da yake yana raguwa. Ambaliyar 2022 a Jigawa da ta Maiduguri a Satumban 2024, bayan fashewar madatsar Alau, sun nuna wa mutanen birni amfaninsa, don shi ke shiga lungun da mota ba ta shiga, jirgin inji kuma ba ya iya juyawa. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ana tsere da shi a gulbin Matan Fada, haka a Rigata ta Yawuri da bikin Patigi. Matsalarsa itace ne. Maɗaci mai kaurin da za a fafe ya ɗauki mutum shida sai ya shekara da yawa yana girma, masu gawayi da masu katako kuwa ba sa jira. Masassaƙa da dama sun koma haɗa ƙananan jirage da falanki, waɗanda suka fi arha amma ba sa daɗewa kamar na gungume, kuma samarin da ke tasowa a kwata sun fi son koyon gyaran inji a kan riƙe gizago.